Baƙuwa Daga Gidauniya

Dutse Alhaji, Abuja
Farkon watan Mayu

Zuwa ga Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da duk dangi na Gumel. Yaya ƙafar taki? Ɗanladi direba ya ce ya same ki a zaure kina yi wa jikoki faɗa, na ce to Alhamdulillahi, tunda bakin yana aiki jikin da sauƙi.

Mu ma muna nan, sai godiya. Hafsah da Fu'ad suna gaishe ki. Baban Hafsah dai ciwon bayan nan jiya i yau. Tun da buhunan siminti suka zubo masa a kasuwar Dei-Dei bai sake komawa aiki ba. Yana iya zama, yana iya takawa zuwa masallacin layinmu in ya dafa bango, amma ɗaukar kaya ya ƙare. Ogan nasa ya zo dubiya da ledar lemo, daga nan ba mu sake ganin ƙeyarsa ba.

Kin ce in riƙa kiran ki a waya. Yaya, kunnenki ba ya ji sai na ɗaga murya, bangon gidan nan kuwa in ka yi tari maƙwabci ne zai fara ce maka sannu. Abin da ke raina ba na ihu ba ne. Gara in rubuta, tunda Allah ya sa Ɗanladi yana kawo shanu Dei-Dei daga Maigatari.

Wallahi na gaji. Sharar da nake yi a makarantar nan ta Kubwa, rabin albashin a kuɗin mota yake ƙarewa. Gas mun daina tuntuni, mun koma gawayi, shi ma gawayin ya gane ana neman sa ya hau sama. Firij ya tafi, talabijin ta bi shi. Yanzu sau biyu ake ɗora tukunya, wata rana sau ɗaya, ni kuma in ce wa yara na ci a makaranta.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san gidan da muke ciki ba na wani attajiri ba ne, na wata gidauniya ce da ta gina ciki da falo da yawa take ba masu ƙaramin ƙarfi haya da sauƙi. Ba don su ba, da Abuja ta tofar da mu tun ba yau ba. To ranar Asabar sun tara mu a gindin mangwaro, suka ce man injin ruwa ya tashi, gyare-gyare sun tashi, su ma sun kusa durƙushewa, don haka bayan babbar Sallah haya za ta ƙaru. Amma sun ce ba za su yi kuɗin goro ba. Za su turo ma'aikaciyarsu ta shiga gida-gida ta ga halin da kowa yake ciki, su san wanda zai iya da wanda ba zai iya ba.

Na iso taron a makare saboda aiki, kuma rabin bayanin da Turanci aka yi. Maman Ebenezer, maƙwabciyata ta hannun hagu, ta ce wai taimako za a yi wa waɗanda suka gaza. Amma ita kullum a cikin wai-wai take, ban san abin kamawa ba.

In aka ƙara mana, ba za mu iya ba, Yaya, ko kusa. In kuma muka fita daga nan, ko shago ba za mu samu a kuɗin ba. Baban Hafsah har ya fara zancen wani kangon gini a Karshi da abokinsa yake gadi, ba ƙofa ba taga, wai mu lallaɓa. Da budurwa a gabana, ga ta tana shirin shiga ajin ƙarshe na sakandare! Ke kika riƙe ni bayan rasuwar Inna, alhali zumuncin namu ma sai an zauna an lissafo. Ba ni da wanda zan tambaya sai ke. Yaya zan yi in matar nan ta zo?

Ƙanwarki,
Muhibba

*

Gumel
Tsakiyar watan Mayu

Muhibbatu,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na gode Allah da kuke raye. Ƙafa tana nan tana yi mini mulki, in hadari ya haɗu ita take fara sani. A gaishe da mijinki Lukmanu, a ce masa ina yi masa addu'a. Rubutunki har yanzu kamar kaza ta yi tonon shara, amma na karanta tsaf.

Yanzu ki buɗe kunnenki. Na yi zaman haya a Kano da marigayi Malam tun ina koyarwa, gida nawa muka canza ni ma na manta. Ban taɓa ganin mai gidan da ya turo a dubo talaucin ɗan haya don ya tausaya masa ba. Ke da hannunki kika rubuta: su san wanda zai iya da wanda ba zai iya ba. To me kike jira a fassara miki? Wanda zai iya a bar shi, wanda ba zai iya ba a nuna masa hanya a sa wani. Sunan gidauniya kada ya ruɗe ki. Zancen maƙwabciyarki kuwa ki bar shi inda kika ji shi.

Saboda haka kada ki kuskura matar nan ta ga gazawarku. Ki share gidanki ƙal. Inda firij ya tashi ki sa wani abu a wurin. Abin da babu ki ara, aro ba sata ba ne. Lukmanu ya yi wanka ya sa kayansa na Juma'a ya zauna kamar maigida, ko da bayan yana cizon sa, na ɗan lokaci ne. In ta tambaya, amsa ɗaya ce: lafiya lau, Alhamdulillahi. Mu ba a san mu da tona cikinmu gaban baƙo ba. Innarki ta yi shekarar fari da tukunyar ruwan zalla a kan murhu don hayaƙi ya tashi maƙwabta su ɗauka girki take, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya raina ta.

Sannan baƙuwa ce, ko ba komai. Kada ta fita daga ɗakinki da ruwa kawai a cikinta, a ce 'yar gidanmu ce ta yi haka. Na ba Ɗanladi zabi biyu, da shinkafa 'yar Haɗeja, da daddawa da kuka. Zabin na baƙuwa ne, ban ce ki yanka wa Fu'ad ba, na san halin bakinsa. Ki duba ƙafafunsu, na ɗaura musu jan ƙyalle, don direbobin nan ba a shaidar su.

Ki kwantar da hankalinki. Ɗakin nan ba inda za shi in kin bi abin da na ce.

Yayarki,
Barira

*

Dutse Alhaji
Ƙarshen watan Mayu

Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafa ta lafa. Mu lafiya. Kaya sun iso, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Zabin da jan ƙyallensu suka zo, kada ki ci zalin Ɗanladi.

Yaya, baƙuwa ta zo ta tafi, kuma mun fita kunya!

Tun jajibiri na shiga aro. Safiyatu ta bayan layinmu ta ba ni kafet da labule, matar mai kemis ta ba ni fanka ta tsaye da kuloli masu ruwan gwal. Inda firij yake a da na jingina teburi na rufa masa leshi. Murhun gawayi na kai shi bayan gida, na fito da tukunyar gas ɗin da ba komai a cikinta na goge ta na ajiye a bakin kicin. Ni kaina da na tsaya a ƙofa sai na ji kamar in yi sallama.

Sunanta Madam Perpetual. Doguwa ce, ba yarinya ba, takalminta duk taɓo, da ganin ta ta sha yawo. Tana jin Hausa irin ta Abuja, wadda kowa "kai" ne. Da farko ta ƙi cin abincin, wai aiki ta zo. Baban Hafsah ya ce a gidanmu ba a haka. Ai kuwa da ta ɗanɗana zabon nan sai ta ajiye cokali ta sa hannu. Ta ce tun safe ba wanda ya ba ta ko ruwa.

Shi kuwa, ki gan shi cikin farar shaddarsa, ya miƙe baya kamar bai taɓa ciwo ba. Ta ce, "Oga, yaya aiki?" Ya ce, "Ɗan hutu nake yi, na kusa komawa." Ta juyo gare ni ta ce, "Sau nawa kuna cin abinci?" Na ce sau uku, Alhamdulillahi. Ta tambayi makarantar yara, muka ce ba matsala. Ta tambayi wuta da gas, na nuna mata tukunya.

Da za ta tashi ta tsaya ta kalle ni sosai, ta ce, "Hajiya, ka tabbata babu wani abu yana damun ku? Ka faɗa mini, shi ya sa na zo." Har na buɗe baki. Sai na tuna maganarki, na ce babu komai sai alheri. Ta ce to madalla, da kowa kamar ku ne da aikinta ya yi sauƙi.

Daga nan ta shiga wurin Maman Ebenezer. Yaya, abin kunya! Ta bango muke ji. Matar nan ta ja ta har kicin tana buɗe mata tukwane ɗaya bayan ɗaya, tana kuka tana rantsuwa, har takardun asibitin mijinta ta zazzage mata a cinya. Na ce a raina, baiwar Allah, kin kori kanki da bakinki. Har tausayi ta ba ni.

Bayan ta tafi Baban Hafsah ya kasa tashi daga kujerar, sai da ni da Hafsah muka kama shi. Kwana ya yi yana nishi, amma ya ce gara haka. Yara sun ci ragowar naman, rabon su da nama tun ƙaramar Sallah. Na mayar wa kowa kayansa, falon ya koma yadda kika san labarinsa. Yanzu sai jiran sakamako.

Taki,
Muhibba

*

Gumel
Watan Yuli

Muhibbatu,

Sallama da gaisuwa. Barka da Sallah, ko da yake ta wuce har an manta ɗanɗanon naman. Muna lafiya, damina ta zauna, gero ya yi kyau.

Lafiya kuwa? Na san motar Ɗanladi ta kwanta a Zariya bayan Sallah ta daɗe, wannan ba laifinki ba ne. Amma ya tashe ta, ya je Dei-Dei ya dawo, ya ce ya aika miki kin ce ba saƙo. Ba saƙo? Na sa an kira wayarki, aka ce a kashe take.

Ni dai na ce wa kaina shiru alama ce ta an zauna lafiya, mutum in ya samu abin da yake so ba ya tuna tsohuwa mai ciwon ƙafa. In haka ne na yafe, har na ba matan unguwa labarin yadda kika karɓi baƙuwarki. In kuma wani abu ne, ki rubuto ko layi biyu. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Barira

*

Dutse Alhaji
Farkon watan Agusta

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna gaisuwa, muna raye. Wayar na sayar. Ki yi haƙuri da shirun, na ɗauki biro ya fi a ƙirga ina ajiyewa, don ban san yadda zan faɗa ba tare da na ɓata miki ba.

Ba korar kowa suka zo yi ba, Yaya. Gaskiyar Maman Ebenezer ce. Duk gidan da aka ga ya gaza an bar masa haya yadda take har shekara guda, an haɗa masa da katin wuta da ɗan abinci duk wata. Ita tana ciki. Ranar da aka kawo mata nata buhun, a ƙofata mai Keke Napep ya sauke shi bisa kuskure, ni na taya ta ja. Mu kuwa muna cikin masu hali. Sabuwar haya ta hau kanmu, an ba mu zuwa ƙarshen watan nan.

Na yi kwanaki ina jin kamar an doke ni. Daga baya na cire kunya na je ofishinsu. Madam Perpetual ta gane ni tun daga ƙofa, har da murnarta, "Hajiya mai zabo!" Na zauna na gaya mata komai: kafet, fanka, tukunyar gas, bayan Baban Hafsah. Matar nan ta dafe kai. Sannan ta ce, "Hajiya, kai ka ce sau uku. Oga ya ce za ta koma aiki. Na ci nama a gidanka. Na tambaye ka har na sake tambaya. Me zan je in faɗa?"

Ba ta yi mana ƙarya ba, mu muka yi mata.

Ba mu kaɗai ba ne ma. Ta ce yawancin gidajen 'yan Arewa a rukuninmu haka suka amsa mata, lafiya lau, lafiya lau, ita kuma ta ɗauka da gaske ne. Safiyatu da ta ara mini kafet, ashe da na mayar mata ita ma shimfiɗa shi ta yi wa baƙuwar, alhali 'ya'yanta gari suke sha. Madam ta ce abin ya hana ta sukuni, ta gaya wa manyanta cewa yadda suke tambayar mutane bai yi ba. Amma abin da aka ware an riga an raba, saura ɗan kaɗan da aka ajiye don masu ƙorafi.

Ga inda gizo yake saƙar. Kwamitinsu zai zauna kafin wata ya ƙare, kuma dokarsu ita ce wanda sunansa yake kan hayar shi zai zo ya faɗi halinsa da bakinsa, don an taɓa cutar su da 'yan aike. Na roƙe ta ta bar ni in tsaya masa. Ta ce da a hannunta yake da ta gama tun a nan.

Na dawo na gaya wa Baban Hafsah. Yaya, tunda muke bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba. Ya ce, "Kin je kin tona mu a ofis bai isa ba, sai na je na tsaya gaban maza 'yan'uwana na ce na kasa riƙe iyalina? Bayan matar nan ta gan ni da shadda? Gara kangon." Har ya aika wa abokin nasa na Karshi a share mana ɗaki ɗaya. Hafsah ta ji, ta daina buɗe littattafanta.

Ban ce laifinki ba ne. Da na karanta wasiƙarki, abin da raina yake so ne na ji, shi ya sa na kama da hannu biyu. Amma wallahi da na bar matar nan ta ga murhun gawayina, da yanzu ina barci. Na gaji, Yaya. Na gaji da mota, na gaji da lissafi, na gaji da lallashin babban mutum. Ban ma san me nake so ki yi mini ba.

Muhibba

*

Gumel
Tsakiyar watan Agusta

Muhibbatu,

Wa alaikumus salam. Mu lafiya, ƙafa kuma yau ba ta ita nake ba.

Ba sai kin sakaya ba, shawarata ce ta kai ku ta baro. Na auna masu gidanku da masu gidan da na sani, na yi kuskure, kuma ke kika kwana a ciki. Ki yafe mini. Amma kuka ba zai biya haya ba, don haka ki miƙa wa mijinki wannan, ya karanta da kansa, kada ki tsaya a kansa.

Lukmanu, ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Ni na ba ka yarinyar nan, kuma ban taɓa nadama ba. Na san ba lalaci ya kwantar da kai ba, a wurin nema ka ji ciwo, kowa ya shaida. Na kuma san abin da kake ji, don ni na hure muku kunne da shi.

To amma ka gaya mini, asirin da kake son rufewa, a kango da me za ka rufe shi? Da buhun siminti a bakin taga? A ofis mutane kaɗan ne za su ji ka, a ɗaki, ƙofa a rufe. A Karshi duk mai wucewa kasuwa zai ga matarka tana girki a fili, ya ga 'yarka tana neman inda za ta yi wanka. Wanne ne tonon asirin a ciki?

Kuma ba bara aka ce ka yi ba. Shekara da shekaru kana biyan mutanen nan ba fashi. Su suka ware abin nan don rana irin wannan, suka aiko har ɗakinka suna neman ka, muka haɗu muka kore su da nama. Komawa za ka yi ka gyara magana, shi ke nan.

In ka ƙi, na rantse zan hau motar Ɗanladi, ni da shanu da ƙafar nan, in zo in faɗa musu da kaina. Ka kuwa san ni, in na fara ba na tsayawa inda ya kamata. Ka rufa mini asiri ka je, ɗan'uwana. Ni na ɓata, amma ba ni da ikon gyarawa, kai kake da shi.

Yayarku,
Barira

*

Dutse Alhaji
Ƙarshen watan Agusta

Zuwa ga Yaya Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Lukmanu ne. Ban saba rubuta wasiƙa ba, a yi haƙuri da abin da aka gani. Iyali duk lafiya, suna gaishe ki. Allah ya ba ki lafiyar ƙafa. Ba sai kin hau motar shanu ba, na je.

Muhibba ta so in sa tsohuwar riga, na ƙi. Na ce ƙaryar farko ta ishe ni, ba zan ƙara da wata ba. Kayan da nake zuwa masallaci da su na sa. Ofishin a sama yake, na hau ina hutawa, ita ta tsaya a ƙasa.

Mutum uku na samu: Madam ɗin nan, da wani matashi mai rubutu, da shugabansu, wani dattijo Alhaji Abdulhakim, an ce tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Na so a ce ba Bahaushe ba ne, da ya fi mini sauƙi. Ya ba ni hannu, ya ce, "Malam Lukmanu, yaya iyali, yaya hidima?" Na ce lafiya lau, Alhamdulillahi. Wallahi Yaya ban yi niyya ba, bakina ne ya faɗa. Na ga Madam ta sunkuyar da kai.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce, "Madalla. Wannan gaisuwa ce, ni ma da ka tambaye ni haka zan ce. To mun gaisa." Ya sa matashin ya ajiye biro ya fita. Sannan ya jawo kujerarsa kusa da tawa ya ce, "Yanzu gaya mini."

Sai na ce masa tun kafin azumi ban kawo ko ƙwayar shinkafa gidana ba. Na ce matata ce take ciyar da ni da tsintsiya. Na ce ina jin ta tana ce wa yara ta ci a makaranta, na san ba ta ci ba, kuma ina karɓar nawa kwanon in cinye. Wannan ko ita ban taɓa gaya mata na sani ba. A nan na tsaya, shi ma bai nemi ƙari ba.

Sun bar mana haya yadda take har shekara guda. Abincin da suke rabawa ya ƙare, amma akwai katin wuta. Madam ta ce za ta haɗa ni da wani asibiti da ke duba irin ciwona da rangwame, kuma suna neman mai zama a ɗakin injin ruwa, aikin zaune ne, za a gani. Ba mu zuwa Karshi. Hafsah ta koma karatunta. Mutanen nan sun yi mana mutunci, ba wanda ya ɗaga mini murya, har ƙasa dattijon ya rako ni yana riƙe da hannuna.

Ina roƙon alfarma, abin da na rubuta ya tsaya tsakanina da ke, kada a ji shi a Gumel.

Tun da muka dawo na kwanta na juya fuskata bango, har yau ban fita ko masallaci ba. Muhibba tana ta dafa ruwa da ɗan gawayin da ya rage tana gasa mini baya, tana cewa hawan benen ne ya tayar da ciwon. Ki bar ta a haka, Yaya. Bayan da sauƙi, ba shi ya kwantar da ni ba.

Naki,
Lukmanu